Ranar da Aka Buɗe Gidan Alhaji Sanda

Ummussalma ce ta kawo labarin. Tana aikin jinya a Birnin Kudu, kuma duk ranar Alhamis bayan la'asar takan kira iyayenta da ke Gwaram. A wannan karon, suna gama gaisawa ta ce wa mahaifiyarta Dada ta ƙara muryar wayar don Baba ma ya ji.

"Baba, ka tuna gidan Alhaji Sanda mai gyaɗa?"

Malam Barau yana zaune kan tabarma a tsakar gida, sandarsa a kan cinya. Ya juyo da fuskarsa wajen da muryar ke fitowa.

"Ni kike tambaya ko na tuna shi, Ummu?"

Ta yi dariya, sannan ta yi bayani. Wata ƙungiya ta masu zanen gine-gine, su da ɗalibansu na jami'a, sun shirya a buɗe tsofaffin gidaje ranar Asabar da Lahadi, kowa ya shiga ya gani kyauta. A Birnin Kudu gidan Alhaji Sanda aka zaɓa, tun da yanzu ba kowa a ciki, kuma jikokinsa sun amince.

"Zauren kaɗai ke nan," in ji Malam Barau.

"A'a, Baba. Har cikin gida. Maza da mata, kowa."

Aka yi sallama, aka kashe wayar.

Malam Barau maginin ƙasa ne, ya haura tamanin. Yana da shekara ashirin da biyu kawunsa Ɗan'azumi, wanda shi ne babban magini a wajensu, ya tafi da shi Birnin Kudu aikin wannan gida. Rani biyu suka yi a kansa. Ana cikin rani na biyu Ɗan'azumi ya zame daga kan katanga ya bugu a baya, ya kwanta. Ɗaki ɗaya ya rage, soron da Alhaji ya ce a yi wa mahaifiyarsa a can ƙuryar gida. Sai aikin ya faɗo kan Barau. Shi ya tanƙwara bakunan rufin, shi ya yi yaɓe, shi ya zana bango. Da aka gama iyali suka tare, ƙofa ta rufe ga duk namijin da ba na gida ba. Tun daga ranar bai sake wuce zaure ba.

Shekarar da ta biyo baya ya auri Dada. Shekara hamsin da bakwai ke nan tana jin labarin soron nan. Ta san yawan azarar da ta shiga rufinsa, ta san ramin da aka ɗebo ƙasar, ta san ranar da aka kafa tasar ado a tsakiyar rufin. Amma ba ta taɓa ganinsa ba. Shi kuma shekara shida ke nan idonsa yana ja da baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Yanzu haske da duhu kawai yake bambantawa.

Da Dada ta kawo masa tuwo bayan magariba, sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "To, ni me zan je in gani?"

Ranar Juma'a ta wanke masa farar rigarsa ta shanya, ta ciro hularsa ta zuwa biki daga cikin akwati ta karkaɗe. Asabar da sassafe, yana dawowa daga masallaci, ta ajiye masa koko da ƙosai, ta ce, "Malam, in ka gama sai ka shirya."

"Na ce miki ba abin da zan gani."

"Ni ce zan je in gani. Kai rakiya za ka yi mini. Ko so kake in shiga mota ni kaɗai?"

Ya sha kokonsa ya sa riga.

Suka sami bas a tasha. Damina ta ɗauke, gero ya sha yanka, dawa ce kawai ke tsaye a gonaki da jajayen kawunanta. Dada tana gefen taga tana faɗa masa abin da suke wucewa. Da manyan duwatsun Birnin Kudu suka ɓullo ta gaya masa, ya ce ai ya ji, iskar ta canja. Ummussalma ta tarye su a tasha cikin fararen kayanta na aiki, ta saka su a adaidaita har ƙofar gidan. Ta ce dole ta koma asibiti, amma da azahar za ta zo ta ɗauke su.

Kafin su shiga layi Malam Barau ya riƙo hannun rigar matarsa.

"Dada, kada ki gaya wa kowa komai. Mu shiga kamar kowa, mu fito kamar kowa."

"Na ji."

Mutane sun fi yadda suka zata. Ga 'yan makarantar mata da malamarsu, ga 'yan acaɓa sun jingine baburansu, ga matan unguwa da suka shekara talatin suna wuce gidan ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Dada ta ɗaga kai ta dubi ginin. Dogo ne, ja, da zankaye a saman katangar kamar kunnuwan zomo. Biyu sun karye.

"Zankaye nawa kike gani?" ya tambaye ta a hankali.

"Bakwai a tsaye."

"Tara ne."

"Biyu sun faɗi, Malam."

Ya gyaɗa kai.

Ana shiga da mutum goma sha biyar-biyar. A bakin zaure wani magidanci mai ƙaramin gemu yana yi wa kowa sannu da zuwa. Shi ne Izzuddeen, jikan Alhaji Sanda. Wadda za ta zagaya da su kuwa budurwa ce siririya mai tabarau, ta ce sunanta Nasiha, tana shekarar ƙarshe a karatun zanen gini. Muryarta tana ɗan rawa da farko, daga baya ta daidaita.

Suna sa ƙafa cikin zaure sanyi ya tarye su. 'Yan makaranta suka fara neman inda aka ɓoye fanka. Nasiha ta ce babu fanka, kaurin bangon ne, ta buɗe hannuwanta ta nuna musu faɗinsa. Malam Barau ya miƙa hannun hagu ya dafa bangon. Bai sake ɗauke hannun ba. Duk inda suka bi, dama tana riƙe da sanda, hagu tana shafa gini, Dada kuma tana riƙe da gwiwar hannunsa tana yi masa raɗa.

"Nan an shafa siminti."

"Na ji shi. Ba ya numfashi."

"Ga rijiya nan, an rufe ta da kwano. Ga wata bishiyar lemo ta tsufa."

"Babu ita a lokacinmu."

Nasiha ta nuna musu rumfar da ake auna gyaɗa, da ɗakin baƙi, da turakar Alhaji mai matakala. Ta faɗi yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu kafin a dunƙula tubali. Malam Barau ya sunkuyo ya ce wa Dada a kunne, "Kwana biyu ta yi kaɗan. Mu sai ta yi mako." Dada ta matsa masa hannu, ya yi shiru.

Daga nan suka bi wani siririn lungu zuwa ƙuryar gida. Nasiha ta tsaya a bakin wata gajeriyar ƙofa tana cewa kowa ya kula da kansa. Duk da haka wani ɗan acaɓa ya ƙume goshi, aka yi dariya. Da layi ya zo kan Malam Barau, kafin Dada ta buɗe baki ya riga ya sunkuya daidai gwargwado, ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofar, ya sauka taki ɗaya zuwa ƙasa kamar wanda ya kwana a ɗakin jiya. Nasiha ta bi shi da kallo.

Ɗakin bai kai girman da Dada ta ɗauka ba. Shekara da shekaru tana jin labarinsa har ya zame mata kamar masallacin Juma'a. Ashe ɗaki ne na tsohuwa ɗaya, da gadon ƙasa a gefe da ƙananan tagogi biyu can sama. Amma da ta ɗaga kai sai ta daina jin surutun mutane. Bakuna huɗu sun taso daga bango, sun lanƙwaso a hankali sun haɗu a tsakiya, ba ginshiƙi ko ɗaya. Azarar da ke tsakaninsu an jera ta kamar kitso.

"Yi magana mana," in ji Malam Barau.

"Yana nan yadda ka faɗa."

"Tasar fa?"

"Tana nan a tsakiya. Ta yi baƙi."

Ya ɗaga fuskarsa sama wajen tasar.

Nasiha ta tara mutane wajen bangon gabas. Ta ce wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalinsu a duk gidan. Zane ne da aka fitar da yatsa tun yaɓen yana ɗanye, faɗinsa ya kai tabarma. Ta ce sun zagaya gidaje da yawa ba su ga irinsa ba. Wasu malamansu suna ganin fatake ne suka zo da shi daga arewa, wataƙila daga jikin sirdi ko jakar fata. Ta ce abin takaici, ba a rubuta sunan wanda ya yi shi ba, kuma waɗanda za a tambaya duk sun rasu.

Dada ta matsa don ta gani ta tsakanin kafaɗun mutane. Da'ira uku ce, wata cikin wata. Ta tsakiyar an yanka ta gida huɗu, a kowane gida akwai 'yan layuka uku kamar sawun kaza. Ta wajen kuma an yi mata haƙora kewaye, amma a ƙasa ta hagu haƙora biyu sun matse juna, ba su yi daidai da sauran ba.

Ta daɗe tana kallon haƙoran nan biyu.

Tana da shekara goma sha shida tana saƙa faifai tana kaiwa kasuwar Gwaram. Wannan ado kakarta ce ta koya mata shi, ba mai yin sa a garin sai gidansu. Kuma duk faifan da ta saƙa a wancan lokacin, in ta zo rufe da'irar waje sai lissafin ya ƙwace mata, ta matse haƙora biyu na ƙarshe. Kakarta ta yi faɗa har ta gaji. Ta tuna wani dogon saurayi mai jar ƙasa a farce da ya tsaya gabanta wata ranar kasuwa, ya sayi faifai ɗaya, ya kasa haɗa ido da ita. Ƙawayenta suka yi ta tsokanarta, wai gwauro me zai rufe da faifai.

Mutane suka fara fita. Dada ba ta motsa ba.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wannan ai faifaina ne."

Sai da sawun mutane ya yi nisa a lungu sannan ya tambaye ta.

"Yana nan?"

"Yana nan."

"Ba su shafe shi ba?"

"Ko kaɗan. Launin ne kawai ya koɗe."

"Kai ni."

Ta ja shi gaban bangon, ta ɗora tafinsa a tsakiyar zanen. Ya jingine sandar a jikinsa, ya sa hannu biyu. Yatsunsa suka shiga cikin layukan suka bi su, kuma faɗin kowane layi daidai yake da faɗin yatsansa. Ya zagaya da'irar farko, ya zagaya ta biyu. Dada ta ja gefen mayafinta ta goge ido.

A haka Nasiha ta same su, ta dawo duba ko an bar wani a baya. Ta buɗe baki za ta ce ba a taɓa zanen, sai ta fasa.

"Inna, lafiya? Ko jikin Baba ne?"

Dada ta dubi mijinta, ta dubi yarinyar. Ta san ta yi alkawari a ƙofar gida.

"'Yata, kin ce ba ku san wanda ya yi shi ba. Ga shi nan."

"Dada," in ji Malam Barau.

"Na faɗa, Malam. Sai ka yi mini faɗa a gida."

Nasiha ta cire tabaraunta ta mayar. Ta durƙusa har ƙasa ta sake gaishe shi, kamar ba su haɗu ba sai yanzu. Ta ce tun a bakin ƙofa ta yi mamakin yadda ya shigo. Sannan ta ce su yi mata minti biyu, ta fita da sauri.

Kafin ta dawo, Malam Barau ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Akwai danshi a ɗakin nan. Dada, gaya mini gaskiya, me kika gani ba ki faɗa ba?"

Ta so ta bar shi da farin cikinsa. Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya kan abin da idonta ya gani ba tun da nasa ya tafi, ba za ta fara yau ba.

"Kusurwar yamma ta tsage. Daga sama har kusan kafaɗata. Yatsa zai shiga."

Ya sa ta kai shi wajen. Ya tura yatsa cikin tsagar, ya murza ƙasar, ya kai hanci. Yana cikin haka Nasiha ta shigo da Izzuddeen. Magidancin ya tuɓe takalmi ya tsuguna ya gaishe su. Ya ce yana yaro ya sha jin kakarsa tana cewa wani yaron Gwaram ne ya yi soron nan, amma ba wanda ya riƙe sunan.

"Barau ne sunan yaron," in ji Malam Barau. "Akwai indararo a bayan kusurwar nan. Yana zubar da ruwa?"

Izzuddeen ya ce bai sani ba, rabon da a hau rufin an daɗe.

"Ya toshe. Kuma kun shafa siminti ta waje."

"An shafa, Baba. Shekara goma ke nan. Mun ɗauka kariya ce."

"Ruwa yana shiga ta sama, ya rasa ta inda zai fita. Ku fara buɗe indararon. Ku ɓamɓare simintin nan a hankali, ku bar bangon ya sha iska har tsakiyar rani. Sannan a cike tsagar da ƙasa irin tasa. Ba zai faɗi ba. Bakunan lafiyarsu ƙalau, na ji su."

Nasiha tana ta rubutu a littafinta. Ta tambayi cikakken sunansa. Ya faɗa, sannan ya ce ta rubuta Ɗan'azumi a sama da nasa, don shi ya aza harsashin gidan duka. Ya lissafa mata masu kwaɓa ƙasa huɗu da ya iya tunawa, da mutumin Wurno da ya kawo azara a kan jakuna. Ya ce daɓen da suke tsaye a kai matan unguwa ne suka yi shi, kwana uku suna bugu suna waƙa, amma sunayensu bai sani ba, ta tambayi tsofaffin unguwar ko da mai tunawa.

Rukuni na gaba ya iso bakin ƙofa. Nasiha ta roƙe shi ya yi musu magana ko kaɗan ce. Ya ce shi ba malami ba ne. Izzuddeen ya kawo kujera, Malam Barau ya zauna, kuma da aka fara yi masa tambaya sai bakinsa ya buɗe. Ya gaya musu yadda ake ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan leƙo gaban 'yar'uwarta, har baka ya haɗu a sama. Ya ce ranar da aka cire katakan da suka tallafe rufin, shi kaɗai ya tsaya a ƙarƙashi, don in zai faɗo ya faɗo a kan wanda ya yi shi. Wata 'yar makaranta ta tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce ƙwarai kuwa.

Sai wani dattijo ya tambayi zanen bangon, ko gaskiya ne daga arewa ya zo.

Malam Barau ya yi murmushi. "Daga kasuwar Gwaram ya zo. A jikin faifai na gan shi."

"Faifan wa?"

"Na wata mai saƙa."

Dada tana zaune a bakin gadon ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Nasiha ta dube ta, ta dubi bangon, ta rufe littafinta ba ta rubuta wannan ba. Ta ce wa mutane lokaci ya yi, a ba na baya wuri.

Rukuni uku ya yi wa magana kafin muryarsa ta gaji. Izzuddeen ya raka su har waje, ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a kan dakalin ƙofar gida inda inuwa take, aka kawo fura mai sanyi. Nasiha ta ce gobe Lahadi malamanta za su zo, don Allah ko Baba zai dawo. Ya ce zai yi shawara.

Da suka rage su biyu, Dada ta dama furar ta miƙa masa ludayi.

"Shekara hamsin da bakwai, Malam. Ka gaya mini azara, ka gaya mini tasa, har jakunan Wurno ka gaya mini. Wannan kuwa ko sau ɗaya."

Ya sha ludayi biyu kafin ya amsa.

"Da farko kunya ce. Ina ango, in ce miki na zana faifanki a ɗakin uwar wani? Daga baya kuma na ce ƙila sun shafe shi da fenti. Ban so in ba ki labarin abin da babu shi ba."

"Har kuskuren ka kwafa."

"Wane kuskure?"

"Haƙoran nan biyu da suka matse a ƙasa. Kakata har dukan hannu ta yi mini a kansu."

Ya ajiye ludayin. "Kuskure ne? Ni na ɗauka haka adon yake. Sai da na ɓata rabin yini kafin na samu suka matsu daidai."

Dada ta yi dariya har ta dafa kafaɗarsa, abin da ba ta saba yi a gaban mutane ba. Shi ma ya yi, a hankali.

Ana kiran azahar Ummussalma ta sauko daga adaidaita. Tun daga nesa take duban fuskokinsu. Ta tambayi yadda aka yi, Dada ta ce gida ya yi kyau, Babanta kuma ya zama malamin jami'a. Da Ummussalma ta ji ana son ya dawo gobe, ta ce ai shi ke nan sai su kwana a wajenta, yara ma sun daɗe ba su ga kakanninsu ba.

"Awaki fa?" in ji Malam Barau. "Wa zai ba su dusa?"

"Na bar wa Zahara'u ta maƙwabta," in ji Dada. "Na ce mata kwana biyu za mu yi."

Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Tun yaushe?"

"Tun jiya. Tashi mu je ka yi alwala, an kusa tayar da salla."

Ta miƙa masa sandarsa, ta kama gwiwar hannunsa, suka sauka daga dakalin.